Yabon da Alhaji Isiyaka Ya Yi Mini a Lasifika

Ku samarin yanzu da kuke ganina tsaye a gindin bishiya a filin Van Cortlandt, agogo rataye a wuya, hannu cikin aljihu, yara suna wucewa suna haki, na san abin da kuke faɗa a bayan idona. Cewa kuke yi Koci Bulus ya samu aikin hutu, nasa kallo ne kawai, masu gudu su ne da wahala. Har wani cikinku ya tare ni ran Lahadi bayan sujada yana tambaya ko akwai gurbi, wai shi ma yana da agogo. To ku gyara zama. Wanda yake koyar da gudun dogon zango a makarantar sakandare a garin nan, watannin da yake aiki ba su cika kayar da shi ba. Watannin da aka hana shi aiki su ne suke fitar da mutum daga sana'ar.

Aikina na farko a wannan sana'a ɗaukar jarkar ruwa ne. A Pankshin ke nan, a hannun wani tsohon soja da muke kira Baba Saje. Kafin ya yarda in yi gudu, sai da na daɗe ina bin manya da ruwa a ka, su hau dutse in hau, su gangara in gangara. Baba Saje bai san wani abu wai shi hutu ba. Ya san abin da kowannenmu ya ci da safe, ya san wanda yake ɓoye ciwon ƙafa, kuma idan ka yi fashi zai zo har gidanku ya zauna a kan turmi yana jiranka. Iyaye kuwa kawo masa yaro suke yi su ce, ga shi nan, naka ne. Da wannan tarbiyyar na shigo New York, ina ganin haka ake yi ko'ina a duniya.

Aikin farko da aka ba ni a Bronx shi ne tura keken awo. Wata tsohuwa ce take riƙe da 'yan gudun makarantar da na samu koyarwa, Madam Rita, gajeriya, muryarta kamar ta mai tallan kifi. Ta sa ni na auna hanyar da yara suke bi, na dawo na faɗa mata, ta ce in sake, domin na yanke kwana. A wurinta na koyi ɗaura ƙusoshin takalmi da ɗan makullinsu, dogaye ranar laka, gajeru ranar da ƙasa ta bushe. Na koyi kafa tutoci a hanya, da naɗe idon sawu da bandeji, da farfasa ƙanƙara a leda kafin yaro ya iso yana ɗingishi. Na koyi cewa usur na ranar tsere ne, a wurin atisaye murya ta isa. Ta kuma koya mini kallon fuskar yaro a tudun nan da yake kusa da maƙabarta, domin a nan ne ake gane wanda ya yi barci da wanda ya kwana yana latsa waya.

Ranar da aka rufe makaranta a shekarata ta farko, Madam Rita ta miƙo hannu ta ce in ba ta agogona. Ta jefa shi cikin aljihun tebur ta kulle. Ta ce daga yau har ranar da hukumar wasannin makarantu ta buɗe kakar wasa a ƙarshen bazara, ni makaho ne kuma kurma. Ka'idar da muke ƙarƙashinta a lokacin ke nan. Ba ka tsara wa yaronka atisaye, ba ka tsayawa inda yake gudu, ba ka duba masa lokaci, ba ka aika masa saƙo cewa ya yi kaza yau. Gaisuwa dai ba a hana ba. Idan aka kama ka, kai a dakatar da kai, yaron kuma a hana shi tsere.

Na ce mata wannan ai zalunci ne. Ta ce in je in ga wani yaro da ya zo mana daga wata makaranta, wanda kocinsa ya yi ta kora shi rani da damina har ƙashin ƙaurinsa ya tsage. Na je na gan shi da sanduna a hammata. Tun daga ranar ban sake zagin dokar ba, ko da yake ban taɓa ƙaunarta ba. Abin da ta yi mana shi ne ta mayar da mu masu gadin juna. Kowa ya san gudun kaka a bazara ake gina shi, saboda haka duk yaron da ya dawo hutu da ƙarfi, sai a fara kallon kocinsa a kaikaice. Akwai wani kocin wata makaranta da muke kira Mai Kare. Kullum da safe a bazara sai ya fito yawo da karensa, kuma ikon Allah, karen nan ba ya jin fitsari sai daidai inda yaransa suke zagaye. Wani kocin kuma surukinsa ne ya buɗe kulob ɗin gudu, yaran kocin suka cika shi. Ni nawa laifin Hausa ce. Idan na tsaya da yaron Mount Hope, unguwar da masu jin Hausa suke da yawa, muna ina kwana, ina gajiya, ya mutanen gida, sai ka ga wani ya rage tafiya yana kasa kunne. Gaisuwarmu ta yi musu tsawo, ba su yarda duk wannan maganar babu atisaye a cikinta ba.

Masu kawo mana aiki iyaye ne, kuma iri-iri ne. Akwai wanda yake ganin gudu ɓata lokaci ne, yaro ya je ya taya shi tsaron shago. Akwai uwar da za ta kira ka ta ce ɗanta ya rame, me kake yi masa. Akwai kuma wanda zai ɗauke ka ya ɗora a ka, kuma wannan shi ne ya kusa kashe ni.

Alhaji Isiyaka mutumin zangon Kumasi ne, direban tasi, yana zaune a wani dogon bene kusa da Grand Concourse. Ya girme ni nesa ba kusa ba. 'Yarsa Rukaya ta shigo hannuna tun tana 'yar aji ɗaya, bayan Madam Rita ta yi ritaya ta bar mini yaran. Doguwa ce siririya, tana gudu da ɗankwali da dogon wando, ba ta da surutu. Idan na yi mata Hausa ta gane sarai, amma da Turanci take amsawa, kamar sauran 'ya'yanmu na nan. Shekarar da nake ba ku labari ita ce shekararta ta ƙarshe, wadda masu neman 'yan gudu daga jami'o'i suke zuwa su tsaya a bakin layi suna kallo. Idan ta rasa wannan kakar, babu wata a bayanta.

Ana rufe makaranta sai ga Alhaji a ƙofar gidana a Parkchester, ya ajiye tasi a inda ba a ajiyewa, Rukaya tana bayansa. Ya ce, "Ticha, azumi ya zo a cikin zafi, ga yarinya tana son gudu. Na kawo maka ita. Yadda ka ce, haka za a yi."

Na ce, "Alhaji, wallahi ba ni da iko. Daga yanzu har a buɗe kaka, ko tambayarta ta yi gudu jiya ba zan yi ba. In aka ji, ita za a hana tsere."

Na yi masa bayani dalla-dalla, yana gyaɗa kai yana murmushi. Ya ce, "Na gane, Ticha, na gane paa, sarai." Da ya juya na san bai gane komai ba. Shi a ganinsa kara nake yi, irin ta malamin da ba ya son a ce ya cika yabon kansa.

Bazarar nan na kiyaye kaina kamar mai jinya. Na daina zuwa filin ko don shan iska. Sau ɗaya na hango Rukaya daga cikin bas da la'asar sakaliya, tana gudu a gefen titi, kafaɗarta ta hagu ta ɗage sama, abin da na daɗe ina gyara mata. Bakina ya buɗe da kansa. Na rufe shi, na juya ina karanta tallan da aka manna a jikin bas. Raina ya ɓaci ƙwarai ranar, har na kasa cin abinci.

Bayan Sallah kaɗan aka yi wa Alhaji jika, aka kama zaure a Mount Hope don taron suna. Ya aiko har sau biyu, kuma ba a ƙin zuwa suna. Na je na samu kujera a baya, aka cika mini faranti da tuwon zafi da miyar ayoyo. Kun san yadda mutanen zango suke taro. Mai lasifika yana zagayawa, mai gida ya karɓa ya bi manyan baƙi ɗaya bayan ɗaya yana faɗin alherinsu, jama'a suna amsawa. Ina cikin loma sai na ji sunana.

"Ga Ticha Bulus can a ɓoye! Jama'a ku dube shi. Bawan Allahn nan duk hutun nan bai huta ba. Safe da yamma yana kan Rukaya. Shi da ba ya azumi, ya sha zafin azumi tare da mu. Duk takun da yarinyar nan ta yi, shi ya ɗora mata ƙafa!"

Zaure ya ɗauki tafi. Wayoyi suka juyo kaina kamar an ba su umarni. Ku da kuka tashi a nan za ku ce me ya hana in miƙe in ce ƙarya ne. A gaban surukansa da limaminsu da jikansa na kwana bakwai? Ba a yi. Abin da ake yi shi na yi, na sunkuyar da kai, na ɗaga hannu, na yi ɗan murmushi. A wurinmu wannan yana nufin a'a, ban kai haka ba. A cikin bidiyo kuwa, mutum ne aka faɗi aikinsa ya amsa.

Mun buɗe kaka, Rukaya ta dawo da ƙarfin da ban taɓa ganin ta da shi ba. Ana saura 'yan kwanaki tseren farko, daraktan wasannin makarantarmu ya kira ni ofis ya juyo mini da kwamfuta. Ga ni nan da tuwo a hannu, ga maganar Alhaji an rubuta ta da Turanci a ƙasa, ba a bar ko kalma ɗaya ba. Ya ce magana ta kai hukuma, za a zauna. Kafin nan kada in je wurin atisaye, kada in yi magana da yarinyar ko mahaifinta.

Kwanakin nan babu wanda ban zarga ba. Na fara da Mai Kare, domin yana da wata yarinya da Rukaya take shan gabanta kullum. Amma ina ya samu mai jin Hausa? Sai na tuna akwai wata mata 'yar Tamale da take aikin abinci a makarantarsu. Na koma kan mataimakina, wani saurayi mai suna Denis, wanda ya cika tambayata yaushe zan yi ritaya, ga shi yanzu an miƙa masa yarana da agogona. Na bi fuskokin mutanen zauren nan ɗaya-ɗaya a raina, har mai rabon lemo. A coci ma wanda ya gaishe ni da fara'a fiye da kullum sai in ce me ya sani. Mai Kare dai har gobe ban wanke shi ba. In bai yi wannan ba, ya yi wani.

Ranar zama aka shigar da mu wani ɗaki mai dogon tebur. Akwai wata mata daga hukuma, da daraktan, da shugabar makarantarmu. Alhaji ya sha babbar riga kamar mai zuwa ɗaurin aure, Rukaya tana gefensa ta ƙura wa tebur ido. Ni aka ce kada in yi Hausa ko kalma ɗaya, an kawo tafinta, wata Hajiya Hadizatu mutuniyar Maraɗi. Matar hukuma ta fara da tambayar yadda bidiyon ya iso makaranta. Shugabar ta ce ai mahaifin ne ya kawo shi da kansa. Ya sa 'yar ƙanwarsa ta rubuta fassarar, ya zo ofis ya nuna mata, ya roƙa a duba ƙoƙarin wannan malami a ƙara masa girma. Ita kuma tunda ta gani, dole ta miƙa shi gaba.

Na dubi Alhaji. Ya gyaɗa mini kai yana murmushi, irin na wanda ya yi maka alheri a ɓoye aka tona.

Matar ta ce a tambaye shi, shin wannan koci ya horar da 'yarsa a lokacin hutu?

Alhaji ya gyara riga ya ce, "Ki gaya mata, abin da Ticha ya yi wa gidana, baki ba zai iya faɗa ba."

Hajiya Hadizatu ta juya ta fara yi wa matar bayani cewa a wurinmu uba ba ya raba ƙoƙarin ɗansa da malaminsa. Matar ta ɗaga hannu ta ce fassara aka kawo ta yi, ba sharhi ba. Ta sake tambaya, e ko a'a: ya tsara mata atisaye, ya tsaya inda take gudu?

Alhaji ya ce, "Malaminta ne fa. Ko barci yake yi, shi yake koya mata."

Hajiya ta runtse ido, ta ce da Faransanci, "Bon," ta fassara. Na ga matar ta sunkuya tana rubutu. Na san abin da ake rubutawa, kuma an ɗaure mini baki.

Sai Rukaya ta ɗago. Tun da na san ta ban taɓa jin ta haɗa jimlar Hausa ba, ranar na ji. Da Hausarta mai tsalle-tsalle ta ce, "Baba, in ka sake yabon Koci, ba zan yi gudu ba. Za su cire ni. Shi ma za su cire shi. Ka ce bai yi komai ba."

Murmushin ya bar fuskar Alhaji. Ya dube ta, ya dubi Hajiya. Hajiya ta ce masa a hankali, "Gaskiya ta faɗa maka, Alhaji. Nan yabo laifi ne."

Ya ce, "In ce bai yi komai ba? A gaban idonsa? Mutumin da ya riƙe mini yarinya tun ba ta san yadda ake ɗaura takalmi ba?" Sannan ya ce, ba tare da ya kalli inda nake ba, "Ku roƙi Ticha ya fita."

Aka fassara, aka yarda, na fita na tsaya a baranda wajen kabad ɗin ɗalibai. Abin da aka yi a ciki, Hajiya Hadizatu ce ta ba ni labari daga baya. Ta ce da ƙyar aka ciro maganar daga bakinsa, kamar ana cire ƙaya. Ashe duk azumin nan shi ne yake ajiye aiki da yamma, lokacin da fasinja suka fi yawa, ya bi yarinyar a hankali da tasi, fitilu suna walƙiya, masu mota suna zaginsa. Shi yake duba mata nisa a mitar motar. Shi yake ajiye ruwa da dabino a kujerar gaba, ana kiran sallah ya miƙa mata ta taga. Ita kuma take tsara gudunta da abin da ta riƙe a ka. Matar hukuma ta tambaye shi, to wa ya horar da ita ke nan? Hajiya ta ce ya sunkuyar da kai ya ce, ni ne. Ta ce ba ta taɓa ganin dattijo ya ji kunya irin ta ranar ba.

Ƙofa ta buɗe, daraktan ya fara fitowa. Ya dafa kafaɗata ya ce in je in karɓi agogona a wurin Denis, yarinya za ta yi tsere ran Asabar. Rukaya ta wuce da sauri tana share ido da bakin ɗankwali. Alhaji ne ya fito a ƙarshe. An tashi daga aji ke nan, baranda ta cika da ɗalibai suna ture juna. A tsakiyarsu dattijon nan ya tattare babbar rigarsa, ya durƙusa a gabana.

Na ce, "Subhanallahi, Alhaji, tashi! Yara suna kallo."

Ya ce, "Ticha, ka yafe mini. Na ce musu ba ka yi komai ba."

Na ce, "Ai gaskiya ka faɗa, Alhaji. Ita ce ta cece mu."

Ya ce, "Na sani. Amma da bakina na faɗa."

Na kama hannunsa ina ja, ya ƙi motsi. Ɗalibai suka yi cirko-cirko, malamai suka leƙo daga azuzuwa. Bai tashi daga wurin ba sai da na ce na yafe.